Wa ya kamata ya riƙa cika kayan aiki a sashen gaggawa: nas ko wani daban?

Sistar Dare: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina so mu tattauna wani abu da duk wanda ya yi aiki a sashen gaggawa ya san shi, amma ba a cika ba shi muhimmanci ba, wato cika kayan aiki. Kanula (ɗan bututun da ake sa wa a jijiya), sirinji, safar hannu, filasta, robar ƙarin ruwa, kwalaben ɗibar jini. In ka zuba wa nas ido a duti, za ka ga da yawa daga cikin zirga-zirgarta ba wurin maras lafiya take nufa ba, kaya take nema. Ta buɗe wannan durowa babu, ta tafi sito a kulle, ta leƙa ɗakin maƙwabta ta aro. Shi kuwa maras lafiya yana kwance yana jira. Tambayata ita ce, aikin wane ne wannan? Ni dai ra'ayina, bai kamata wadda aka horar shekaru don ta kula da mai numfashi sama-sama ta zama ita ce mai dakon kwali ba.

Metiron Mai Ritaya: Wa alaikumus salam 'yata. Zan fara da saɓa miki. Nas da ba ta san abin da ke cikin durowarta ba, ba ta shirya karɓar maras lafiya ba. Mu da muka taso, abu na farko bayan karɓar duti shi ne ki zagaya da idonki da hannunki, ki kunna na'urar zuƙe majina ki ji tana ja, ki duba tukunyar oksijin, ki ƙirga magungunan farfaɗowa. Ba a fafe gora ranar tafiya. In kika miƙa wannan ga wani, ranar da aka shigo da mai zubar jini ke za a kalla, ba shi ba.

Sistar Dare: Mama, na yarda da ke ɗari bisa ɗari a kan dubawa. Amma dubawa daban, cikawa daban. Dubawa minti kaɗan ne, kuma amana ce a wuyan nas. Cikawa kuwa ita ce ka rubuta takarda, ka je sito, ka jira, ka ɗauko, ka ɓare kwali, ka jera. Wannan na biyun nake cewa a ɗauke mana.

Likitan Gaggawa: Bari in sa baki da abin da aka auna, don kada a ce ƙorafi ne kawai. A 2008 an wallafa wani bincike da aka yi a asibitoci 36 a Amurka, nas 767 suka shiga. An gano cewa abin da ya tafi ga ainihin kula da maras lafiya bai kai kashi 20 cikin ɗari na lokacin aikin jinya ba, rubuce-rubuce kuma sun cinye kusan kashi 35. A dutin rana na awa 10, nas kan taka kimanin mil 3, wato kusan kilomita 5. A ɗakunan kwanciya aka yi wannan, ba sashen gaggawa ba, amma darasin ya shafe mu.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne na Anita Tucker da Amy Edmondson a 2003. Sun bi nas 26 a asibitoci 9, suka kalli aikinsu na awa 239. Suka ga a kowane duti na awa 8 ana asarar kimanin minti 33 wajen fama da matsalolin tsari, irin su rashin kaya ko rashin bayani. Abin da ya fi muhimmanci, a kashi 93 cikin ɗari na lokutan, nas kan toshe ɓarakar nan take ta wuce, ba tare da an bi tushen matsalar ba. Ta aro daga wani ɗaki, aiki ya tafi, shi ke nan. Gobe abin ya sake faruwa da wata.

Jami'in Sito: Likita ka taɓo inda yake yi mini ƙaiƙayi. Mu a sito abin da muke gani shi ne takardar buƙata. In kanula ta ƙare muku da tsakar dare kuka aro daga ɗakin haihuwa, ni a littafina sashen gaggawa bai rasa komai ba, ɗakin haihuwa ne ya cika cin kaya. Wata mai zuwa sai in ƙara musu, ku in bar ku yadda kuke. Ƙoƙarin da nas take yi don kada aiki ya tsaya, shi ne yake ɓoye mini inda matsalar take. Ba laifinta nake gani ba, wallahi da ni ne ma haka zan yi. Amma ku sani labarin ba ya isowa gare mu.

Ɗalibar Jinya: Sannunku da ƙoƙari manyanmu. Ina da tambaya. A inda nake koyon aiki na ga wasu sistoci suna ɓoye kaya, wata a aljihu, wata a bayan fayil, wata ma tana da ɗan kwalinta da ba wanda ya san inda yake sai ita. Sun ce in ba haka ba za ka wayi gari ba ka da abin aiki. Shin wannan dabara ce da ya kamata in koya, ko kuskure ne?

Metiron Mai Ritaya: 'Yata, kada ki koya, kuma kada ki raina masu yi. Ba wadda take ɓoye filasta don tana sha'awa. An taɓa barinta da hannu biyu a gaban maras lafiya ne, ta yi wa kanta alkawarin ba za a ƙara ba. Sai dai kayan da aka ɓoye ba a juya su, wa'adinsu yakan ƙare a inda suke, ledarsu ta huje tsabtarsu ta lalace, kuma ranar da mai su ba ta duti kamar babu su ne.

Jami'in Sito: Kuma ga yadda yake zagayowa. An ɓoye, kanta ta yi saurin ƙarewa, kowa ya tsorata ya ƙara ɓoyewa, ni kuma in ga cin kaya ya yi tsalle ba dalili in fara zargin sata, in ƙara kwaɗo. Ƙarin kwaɗo kuma ya sa a ƙara ɓoyewa. Ba a magance ɓoyon kaya da faɗa ko da takardar gargaɗi. Ranar da nas ta tabbata duk lokacin da ta miƙa hannu za ta samu, da kanta za ta zazzage aljihunta.

Sistar Dare: To Malam, yaya za a yi mu kai ga wannan ranar?

Jami'in Sito: Akwai tsarin da nake ganin ya fi kowanne sauƙi, kuma ba ya buƙatar kwamfuta. Tsarin mazubi biyu. Kowane kaya a raba shi a mazubi biyu, ɗaya a gaba ɗaya a baya. Ku yi ta ɗiba daga na gaba har ya ƙare ƙaf. In ya ƙare, nas ta ɗauke shi ta ajiye a wurin da aka ware, ta jawo na baya. Iyakar aikinta ke nan, daƙiƙa kaɗan. Wanda ba komai a cikinsa shi ne saƙon, mai cikawa ya zo ya kwashe ya cika ya mayar a baya. Ba ƙirge, ba rubutu, ba waya.

Yana da alaƙa da masana'antar motoci ta Toyota a Japan, inda Taiichi Ohno ya gina tsarin da suke kira kanban, kuma ya ɗauki tunanin ne daga yadda manyan kantunan Amurka suke cika kanta gwargwadon abin da aka ɗauka. Asibitin Virginia Mason da ke Seattle ya rungumi tsarin Toyota tun 2002, wasu asibitoci da yawa suka bi.

Inda ake kuskure shi ne yawan abin da za a sa a mazubin. Ba da ka ake yi ba. Ka duba nawa ake ci a rana, ka ninka da kwanakin da ake ɗauka kafin a cika, ka ƙara na ko-ta-kwana. Misali kawai: in ana cin kanula 40 a rana, cikawa tana ɗaukar kwana 2, ka ƙara na kwana 1 don tsaro, kowane mazubi zai ɗauki 120. Kuma a sake lissafin lokaci-lokaci, domin cin kaya yana canzawa da yanayi da yawan majinyata.

Nas Ɗin Yara: Malam tsarin yana da kyau, amma bari in ja ka kaɗan. Matsakaicin ci na rana yana yaudara a sashen gaggawa. Ɗakin kwanciya ya san gadajensa, ya san gobensa. Mu kuwa sai a yi kwanaki shiru, rana ɗaya mota ta kife a shigo da mutane da yawa lokaci guda, abin da lissafinka ya ce na kwana uku ne ya ƙare kafin awa biyu. Sannan akwai kayan da a lissafi kamar ba a amfani da su, misali bututun shaƙa na jariri ko allurar da ake sa wa a ƙashi in an rasa jijiya. Wata guda ba a taɓa su ba. Mai lissafi zai ce a cire. Amma ranar da ake buƙatarsu babu abin da zai maye gurbinsu.

Mai Haɗa Magani: Ɗan'uwa, wannan shi ya sa a harkar magunguna ba ma kallon yawan ci shi kaɗai. Akwai rabe-raben da ake kira VEN, wanda ake koyarwa a kula da magunguna: na ceton rai, na dole, da waɗanda za a iya haƙuri da su. Na rukunin farko ba a barinsu su ƙare ko da sau ɗaya a shekara ake taɓa su, kuma in wa'adinsu ya ƙare an zubar, ba asara ba ce, farashin zama cikin shiri ne. Mazubi biyu na kayan yau da kullum ne. Na ceton rai kuwa adadi tsayayye ake sa musu, da hatimi, da dubawa kowane duti. Na haɗarin jama'a da yawa kuma akwati daban a rufe, wanda ba a taɓawa sai ranar.

Jami'in Sito: Na karɓi wannan gyara. Iri uku ke nan, kowanne da dokarsa.

Likitan Gaggawa: Tunda an zo kan na ceton rai, bari in faɗi dalilin da ya sa nake ɗaukar keken farfaɗowa, wato keken da ke ɗauke da kayan ceton wanda zuciyarsa ko numfashinsa ya tsaya, da zafi. A 2008 mujallar New England Journal of Medicine ta wallafa bincike kan majinyatan da zuciyarsu ta tsaya a cikin asibiti da irin bugun da ake gyarawa da girgizar lantarki. Kusan kashi 30 cikin ɗari ba a yi musu girgizar ba sai bayan minti 2. Waɗanda aka yi wa a kan lokaci, kimanin kashi 39 suka fita asibiti da rai. Waɗanda aka jinkirta, kimanin kashi 22. Minti biyu fa. Yanzu ku ɗauka an jawo keken, batirin na'urar ya mutu, ko faifan mannawa a ƙirji babu, ko adirenalin da ake bayarwa miligiram 1 duk bayan minti 3 zuwa 5 saura kwalba ɗaya. Duk ƙwarewar da ke ɗakin ba za ta yi amfani ba.

Haka sauran ma'aunanmu suke. Mai ciwon ƙirji a yi masa ECG, wato gwajin bugun zuciya, cikin minti 10 da isowarsa. Mai gubar ƙwayoyin cuta a jini da jininsa ya faɗi a ba shi maganin kashe ƙwayoyin cikin awa ɗaya. Mai rauni da ke zubar jini a ba shi taranekzamik asid, maganin rage zubar jini, cikin awa 3, kuma gwargwadon sauri gwargwadon amfani. Kowanne daga cikinsu yana iya faɗuwa saboda takardar na'ura ta ƙare ko makulli yana aljihun wanda ya tafi.

Metiron Mai Ritaya: Likita, tunda ka kawo kanka, bari in faɗa maka gaskiya irin ta uwa. Ku ma kuna da hannu. Likita zai buɗe keken farfaɗowa don yana neman sirinji ɗaya saboda ya fi kusa, ya karya hatimin ya tafi bai gaya wa kowa ba. Zai ɓare fakitin ɗinki ya ɗauki almakashi kawai, sauran duk sun tashi aiki. Sannan kowane likita da irin safar hannu da irin zaren da yake so, sai kanta ta cika da iri-iri, wurin ajiye na dole ya ƙanƙance.

Likitan Gaggawa: Mama, ba ni da ta cewa, haka abin yake. Kuma maganar iri-iri ɗin nan mu likitoci ne ya kamata mu zauna mu yanke, mu amince da iri ɗaya ko biyu a kowane abu. Nas ba za ta iya tilasta mana ba, shugaban sashe ne zai yi.

Nas Ɗin Yara: Ni abin da na fi roƙo shi ne a daidaita wuri. Kowane ɗakin duba maras lafiya a sashe ya zama jerin kayansa iri ɗaya ne. In durowa ta farko ta kanula da ɗibar jini ce a ɗaki na ɗaya, ta zama haka a ɗaki na goma. Hannu yana da haddarsa, a lokacin tashin hankali shi yake aiki kafin tunani. Nas da aka turo taimako daga wani sashe ma ba sai ta yi ta tambaya ba.

A ɓangaren yara wannan ya fi tsanani, domin komai da girmansa yake tafiya. Shi ya sa likita James Broselow ya ƙirƙiro tef ɗin nan mai launuka a shekarun 1980. Ka shimfiɗa shi daga kan yaro zuwa diddige, launin da ya tsaya a kai ya ba ka ƙiyasin nauyi da girman bututu da adadin magani, har zuwa kusan kilo 36. Asibitoci da yawa sun jera durowoyin keken yara da launukan tef ɗin. Yaro ya faɗa ja, ka jawo jar durowa, duk abin da ke ciki daidai shi ne. Amma in mai cikawa bai fahimci wannan ba ya zuba bututun shuɗiya a cikin ja, ya haɗa tarko ne. Wannan ne tsorona game da miƙa cikawa ga wanda ba nas ba.

Sistar Dare: Tsoronka a kan hanya yake ɗan'uwa, amma amsarsa horo ne, ba mayar da aikin kan nas ba. Launin kanula fa ba sirri ba ne: mai lamba 14 ruwan lemo, 16 ruwan toka, 18 kore, 20 ruwan hoda, 22 shuɗi, 24 rawaya. Mutum mai hankali zai koya cikin ɗan lokaci, musamman in an manna hoto da suna da adadi a jikin kowane mazubi. Kuma mutumin da aikinsa ke nan kullum zai fi nas da take cikawa a gajiye a ƙarshen duti, ana kiranta ta ko'ina, iya lura. Keken farfaɗowa da na yara kuwa, shi ya kawo kayan, nas ta duba da takardar jeri, ta sa hatimi ta sa hannu. Ka ga amanar da Mama take magana ba ta bar hannunmu ba.

Mai Haɗa Magani: Maganar kira ta ko'ina ba ƙarama ba ce Sista. A Ostareliya, Johanna Westbrook da abokan aikinta sun kalli nas 98 suna ba da magani sau fiye da 4,000, aka wallafa a 2010. Kowace katsewa ɗaya tana tafe da ƙarin kusan kashi 12 zuwa 13 cikin ɗari na kuskure. Nas ta fara haɗa allura, ta ga babu ruwan sirkawa, ta ajiye ta tafi nema, a hanya wani ya tsayar da ita, ta dawo. A nan ake manta an riga an zuba ko ba a zuba ba. Rashin kaya ba lokaci kawai yake ci ba, yana buɗe ƙofar kuskuren magani.

Sai dai ina so in ja kunne kan tunanin nan na “a kawo komai kusa”. Akwai abin da nisansa shi ne tsaro. Fotashiyam kuloraid mai kauri ya kashe majinyata a ƙasashe da dama saboda an ɗauke shi a zaton ruwan sirka allura ne, kwalaben sun yi kama. Shi ya sa hukumar kiyaye lafiyar majinyata ta Birtaniya ta fitar da gargaɗi a 2002 cewa a janye shi daga kantocin ɗakuna na gama-gari. Magungunan kashe zafi masu ƙarfi irin su mofin dole su zauna a kulle da littafin sa hannu. Wasu kuma sanyi suke so, kamar oksitosin da insulin da ake ajiyewa tsakanin digiri 2 zuwa 8. Sannan a jeri, wanda wa'adinsa ya fi kusa shi ne a gaba, ba wanda ya fara zuwa ba, domin wani lokaci sabon kawowa ya fi tsohon kusa da lalacewa.

Ɗalibar Jinya: Malam, na ji ana maganar kabad mai kwamfuta da yake buɗewa da zanen yatsa. Ba shi ne zai warware duk wannan ba?

Mai Haɗa Magani: Irin su Pyxis da Omnicell kike nufi ƙanwata. Suna da amfani sosai ga magunguna, suna rubuta wanda ya ɗauka da lokacin, suna sanar da famasi in abu ya kusa ƙarewa. Amma na'ura abin da aka gaya mata ta sani. In nas ta danna ɗaya ta ɗauki uku saboda sauri, lissafin ya karkace. Kuma in kabad ɗaya ne ga sashe duka, za ki ga layi a gabansa. Sanya auduga da filasta a bayan zanen yatsa ɓata lokaci ne. Asibitin da bai gyara jerinsa da adadinsa ba, in ya sayi na'ura zai samu rikicinsa na da ne a cikin akwati mai tsada.

Likitan Gaggawa: Akwai hujja mai ƙarfi cewa abu mai sauƙi yana aiki. A jihar Michigan, ƙarƙashin jagorancin Peter Pronovost, ɗakunan kulawa ta musamman 103 suka bi matakai biyar wajen sa bututun babbar jijiya: wanke hannu, cikakken rufi mai tsabta, goge fata da kuloheksidin, guje wa jijiyar matsematsi, da cire bututun da ba a buƙata. Kowa yana tuna takardar jerin, amma ana mantawa cewa sun haɗa da keke guda mai ɗauke da duk kayan aikin a wuri ɗaya. Sakamakon da aka wallafa a 2006 ya nuna cutar jini ta bututun ta ragu da har kashi 66 cikin ɗari. Mutum ba ya tsallake mataki don mugunta. Yana tsallakewa ne in bin matakin yana nufin ya bar maras lafiya ya tafi neman kaya.

A nan nake ganin amfanin ƙunshi. Ƙunshin sa kanula, ƙunshin ɗinki, ƙunshin bututun fitsari, ƙunshin karɓar haihuwar bazata. Ɗauka ɗaya maimakon buɗe durowa shida.

Jami'in Sito: Ƙunshi yana da kyau matuƙar ba a cusa abin da ba a amfani da shi ba, domin da zarar an ɓare, sauran sun zama shara. A tambayi masu aikin me suke ɗauka a zahiri.

Sannan kada in bar ku da tunanin rage kaya shi ne wayewa a ko'ina. A kanta ta gefen gado, kaɗan mai juyawa ya fi. A babban sito kuwa, duniya ta koyi darasi. A watan Maris na 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ana buƙatar takunkumin fuska miliyan 89 da safar hannu miliyan 76 a kowane wata don yaƙi da korona, ta roƙi masana'antu su ƙara samarwa da kashi 40 cikin ɗari. A 2017 guguwar Maria ta afka wa Puerto Rico, inda ake da masana'antun ruwan ƙari, sai ya yi ƙaranci a asibitocin Amurka. A watan Satumba na 2024 guguwar Helene ta sa ambaliya ta rufe masana'antar Baxter da ke North Carolina, wadda a lokacin take samar da kusan kashi 60 cikin ɗari na ruwan ƙarin ƙasar, har asibitoci suka riƙa ɗage tiyatar da ba ta gaggawa ba. Wanda ya dogara da mai kawowa ɗaya kuma ba shi da ajiya, shi ya fi shan wuya.

Metiron Mai Ritaya: Na saurare ku duka. Na sauko daga inda na fara, amma ba gaba ɗaya ba. Na yarda a samu mai cikawa. Ingila ma da suka yi shirin nan na Productive Ward wajen 2007 da 2008, manufarsa a mayar wa nas lokacinta na kula da majinyaci, kuma tsara ɗaki da kayansa yana cikin tubalansa na farko. Amma abin da na lura a rayuwar aikina, duk lokacin da asibiti ya shiga matsi, irin wannan ma'aikacin ake fara cirewa, domin ba a ganin aikinsa sai ya tafi. Daga nan aikin ya dawo kan nas a shiru, ba a ƙara mata hannu ba. Don haka ɗalibai su ci gaba da koyon cikawa da dubawa. Sannan abu ɗaya ba zan taɓa yarda a miƙa wa kowa ba, shi ne oksijin kafin a tura maras lafiya hoto ko ɗakin tiyata. Ƙaramar tukunya mai lita 460, in kina ba da lita 15 a minti, rabin awa ne ta ƙare, in ma a cike take. Wadda za ta raka shi ita za ta kalli ma'aunin ta yi lissafin.

Sistar Dare: Wannan ba jayayya Mama. Abin da zan kai wa shugabar sashenmu shi ne mu fara da auna kanmu. Takarda a jikin ƙofar ɗakin kaya, duk wadda ta nemi abu ta rasa ta ja layi ta rubuta sunansa, ko da ta aro daga baya. Da shi za mu nemi mai cikawa, domin shugabanni ba sa jin “muna wahala”, suna jin lissafi. Abin da ban gano bakin zarensa ba shi ne dare da ƙarshen mako. Mai cikawa na rana ne, sito na rana ne, majinyata kuwa ba su san wannan ba.

Nas Ɗin Yara: A sa zagayen cikawa na ƙarshe dab da shigar masu dare, ba da safe kawai ba. Kuma a samu ƙaramin sito na dare da makullinsa yake hannun mai kula da duti, ba a gidan wani ba.

Jami'in Sito: Zan iya yarda da siton dare in akwai littafi a ƙofarsa, a rubuta ko da bayan an gama ceton ne. Kuma Sista, a takardar taku ku ƙara mini abu ɗaya, wato ƙarfe nawa abin ya ƙare. In na ga kanula mai lamba 18 tana ƙarewa da asuba, na san mazubin ne ya yi ƙanƙanta. In kuma da la'asar take ƙarewa bayan an cika da safe, to wani sashe ne yake ɗiba daga naku, kuma can zan fara dubawa.